Ɓera ba ɗaya ba ne: wane ne ke kwana a gidanka?

A watan Agustan 2017, da Shugaba Muhammadu Buhari ya dawo daga jinyar fiye da wata uku a Landan, sai aka sanar cewa daga gida zai riƙa aiki na ɗan lokaci. Dalilin da kakakinsa Malam Garba Shehu ya bayar shi ne ɓeraye sun yi ɓarna a ofishin, sun taɓa kujeru da na'urorin sanyaya ɗaki. An sha dariya, an yi ta zolaya a Facebook kwana da kwanaki. Ko ka yarda da bayanin ko ba ka yarda ba, duk wanda ya taɓa garƙame ɗaki wata uku ya dawo ya san ɓera zai aikata abin da ya fi haka. Sai dai a duk surutun da aka yi ban ji wanda ya tambaya ba: wane ɓera?

Tambayar kamar ta wasa, amma ita ce gindin maganar. Hausa ta tara dabbobi da dama ta ba su suna ɗaya. Bakano ya ce ɓera, Basakkwace da Bakatsine da mutanen Maraɗi su ce kusu, kuma abu guda suke nufi. Na sha jin masu cewa kusu shi ne ƙarami, ɓera babba. Wannan gyaran 'yan boko ne da ke son Hausa ta zo daidai da Turanci, wanda ya raba su gida biyu. A bakin mutane bambancin na karin harshe ne, ba na girma ba. Illar sunan guda ita ce mutum ya ga ƙarami yana gilmawa ya ɗauka ɗan babban ne, nan gaba zai girma. Ba zai girma ba, iyakarsa ke nan. Jinsinsu daban, ba sa barbara da juna, babban ma yakan kashe ƙaramin ya cinye in ya ritsa shi. Dabarar da ta ci wannan sau da yawa ba ta cin wancan.

Bari mu fara sallamar waɗanda aka jefa cikin shari'ar ba da haƙƙinsu ba. Jaɓa, mai dogon baki da ɗan karen wari, wadda ke bin gindin bango tana tsuwa, ba ɓera ba ce, ko dangi ba su haɗa ba. Duba haƙoranta: ƙanana ne masu tsini irin na maciya nama, ba manyan haƙoran gaba na gwaigwaya ba. Abincinta kyankyasai da gyare da sauran ƙwari. Tana ɓata abinci da warinta in ta bi ta kai, wannan gaskiya ne, amma ba ita ke huda maka buhun masara ba. Gafiya kuwa dangin ɓera ce, sai dai ba a kasa gane ta: takan haura kilo guda, rabin jelarta na ƙarshe fari ne, kuma tana da jaka a kumatu inda take cusa gyaɗa ta kai rami. Wanda ya fara cewa "gafiya tsira da na bakinki" ya ƙare mata kallo. A Tanzaniya ma wata ƙungiya mai suna APOPO tana horar da irinsu su shinshino nakiyoyin da aka binne, da cutar tarin fuka a majinar marasa lafiya. A gidajenmu harkarta ta tsakar gida ce da bayan gida da rumbu, ba ta cikin akwati ba.

Saura huɗu, kuma su ne maganar.

Ƙaramin ɓeran ɗaki nauyinsa giram 15 zuwa 25 ne, wato bai kai rabin ƙwan kaza ba. Kunnuwansa manya ne in aka gwada da kansa, ƙafafunsa 'yan tsirit, jelarsa siririya kusan tsawon jikinsa. Ba ya nisa da sheƙarsa. In ka ga alamarsa a kicin to gadonsa na nan cikin 'yan taku, a bayan kabad ko cikin tsohon kwali ko ƙasan kujera. Ba ya zama ya ci ya ƙoshi wuri guda, sai ya ɗan ɓantara nan ya ɗan gutsura can, shi ya sa abin da yake ɓatawa ya ninka abin da yake ci. Ruwa bai dame shi ba, damshin da ke cikin hatsi kan ishe shi. Yana da karambani: ajiye sabon abu a hanyarsa, a daren zai zo ya duba. Kafar da biro zai shiga, faɗin milimita 6 zuwa 7, ta ishe shi wucewa. Macen tana ɗaukar ciki kwana 19 zuwa 21, ta haifi biyar ko shida ko fiye, 'ya'yan kuma cikin mako shida su ma sun isa haihuwa. Yi lissafin da kanka.

Baƙin ɓera, wanda na fi so in kira ɓeran silin, shi ne mai tseren dare a saman kanka. Yakan kai giram 150 zuwa 200, jikinsa siriri, bakinsa da tsini, kunnuwansa manya marasa gashi sosai, kuma babbar shaidarsa jela: in ka lanƙwaso ta ta kan bayansa za ta wuce hancinsa. Sunan baƙi kada ya ruɗe ka, da yawansu toka-toka ne ko ruwan ƙasa. Gwanin hawa ne. Wayar lantarki, reshen darbejiya da ya kwanto kan kwano, bututun ruwa, azara, duk titi ne a wurinsa. Asalinsa yankin Indiya ne, jiragen ruwa suka yaɗa shi duniya, manyan motocin kaya suka ƙarasa da shi cikin ƙasa. Ƙumar da ke jikin ɓeraye irinsa ce ke ɗauko annobar nan ta buɓo, cuta mai kumbura kaluluwa, da ta addabi Legas daga 1924, wadda ta sa Turawan mulki suka kafa hukumar tsara birnin a 1928 suka shiga rushe unguwanni.

Ɓeran kwata ya fi shi jiki, yakan kai giram 300 har 500. Bakinsa a dakushe, kunnuwansa ƙanana, jelarsa kakkaura ce kuma ba ta kai tsawon jikinsa ba. Shi a ƙasa yake harkarsa: rami, lambatu, masai, bola. Ya iya iyo, ba ya rabuwa da ruwa, shi ya sa a Afirka ya fi kafuwa a biranen bakin teku. Abin da ya haɗa manyan nan biyu, wanda kuma ya raba su da ƙaramin, shi ne tsoron baƙon abu. Ka ɗana sabon tarko a hanyar babban ɓera, zai kewaye shi kwana uku, huɗu, har mako. Mai gida ya ce tarkon ba shi da kyau, ko ɓeran ya yi wayo. Ba tarkon ba ne, halinsa ne haka.

To in ka kama wani ɗan madaidaici, yaya za ka san ƙaramin ne da ya manyanta ko ɗan babban ne? Duba kai da ƙafa. Ɗan babban ɓera kamar yaron da aka sa wa takalmin babansa yake: kai ƙato, tafin ƙafar baya dogo, jela mai kauri, duk sun fi ƙarfin jikin. Ƙaramin da ya gama girma komai nasa daidai wa daida.

Amma yawanci ba ganinsu ake yi ba, sawunsu ake gani. Wata shekara da kaka na je wurin gwaggona, na tarar tana faɗa da ɓera a ɗakin ajiyarta, ta sayi magani har sau uku. Na ce, "Gwaggo, wane iri ne?" Ta dube ni kamar na tambaye ta launin iska. "Kai ɗan nan, ɓera ai ɓera ne. Boko dai bai bar ku da aikin yi ba." Na roƙe ta toka a murhu, na tankaɗe da rariya, da magariba na barbaɗa siririn layi a gindin bango da bakin ƙofa da kan katangar da buhuna ke jingine. Da asuba muka shiga da tocila. A ƙasa ga 'yan sawu kamar an ɗiɗɗiga da tsinke. A kan katanga kuwa sawun ya kusa gaɓar yatsa, ga layi a tsakiya inda jela ta ja. Sama da wurin, inda azara ta shiga bango, akwai wani baƙin dabbare mai maiƙo, dattin jikinsu ne da ke gogewa a hanyar da suke bi kullum. Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe gida biyu nake ciyarwa." Duk maganin da ta saya a ƙasa take zubawa, na saman ko kallonsa bai yi ba.

Kashinsu ma shaida ne, in za ka daure ka duba. Na ƙaramin kamar baƙar ƙwayar shinkafa yake, milimita 3 zuwa 6, a warwatse ko'ina don yana tafe yana saki, guda hamsin ko fiye a kwana ɗaya. Na ɓeran silin ya kai santimita guda da ɗoriya, siriri, ya ɗan lanƙwasa, bakinsa da tsini. Na ɓeran kwata ya doshi ƙwallon dabino ƙarami, baki a dakushe, kuma a tare ake samunsa wuri guda. Sabo baƙi ne mai sheƙi da laushi, tsoho ya yi fari-fari yana marmashewa.

Na huɗun shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ba baƙo ba ne kamar ukun can, ɗan ƙasar nan ne tun fil azal. Masana na kiransa Mastomys, a saukaƙe ɓera mai nonuwa da yawa. Girmansa tsaka-tsaki ne, ya fi ƙaramin bai kai na silin ba, gashinsa laushi, bayansa toka-toka, cikinsa ya fi haske. A ido ba shi da wani abin tsoro, ya ma fi sauran kyan gani. Macen ce ke tona asirinsu: nonuwa jere biyu daga ƙirji har cinya, sukan kai 24, alhali ƙaramin ɓeran ɗaki 10 gare shi. Haihuwa ɗaya takan zubo goma ko fiye. Da damina yana gona. In an yi girbi, ciyawa ta bushe, aka kwashe amfani aka kai gida, yara kuma suka cinna wa daji wuta suna farautar gafiya, sai ya biyo abincinsa cikin gari. Wani bincike da aka yi a unguwannin Yamai ya samu cewa shi ne ya fi yawa a gidajen mutane, ɓerayen da suka zo daga waje kuwa sun fi taruwa wajen kasuwa da masana'antu. Wato a garuruwanmu na Sahel, wanda ka ji yana motsi a bayan buhu ba mamaki shi ne.

Shi ne matattarar ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa. An gano cutar a 1969, aka raɗa mata sunan garin Lassa da ke jihar Borno a yau, inda wata ma'aikaciyar jinya 'yar mishan, Laura Wine, ta kamu, aka kai ta Jos ta rasu a can. Sai bayan ɓarkewar cutar a Saliyo a 1972 aka gano cewa wannan ɓeran ne ke ɗauke da ita. Shi ba ta kwantar da shi. Yana yawonsa lafiya lau yana zubar da ita a fitsari da kashi. Mutum na ɗauka ta abincin da ya yi wa fitsari, ko ƙurar da aka share ta tashi, ko wajen feɗe shi. Daga nan takan bi jini da sauran ruwan jikin majinyaci ta kama mai jinya. A Janairun 2020 ta kashe likitoci biyu a Kano. Duk shekara hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, na fitar da alƙaluma, kuma sunayen da ba sa ɓacewa a sama su ne Ondo da Edo da Bauchi da Taraba, lokacin kuma rani, daga Disamba zuwa wajen Afrilu, daidai lokacin da ɓeran ya tare a gida.

Abin da ke sa cutar yaudara shi ne kusan mutum 8 cikin 10 da suka kamu ba sa jin komai, ko su ɗan yi zazzaɓi ya wuce. Sauran kuwa takan fara musu kamar maleriya ko taifot, a cikin mako uku da ɗaukarta: zazzaɓi, kasala, ciwon kai, ciwon maƙogwaro. Zubar jinin da aka san ta da shi sai can daga baya, kuma ba kowa ba. Cikin waɗanda ta kai su ga kwanciya asibiti, kusan 15 cikin 100 ba sa tashi, ta fi muni ga mai tsohon ciki, wasu da suka warke kuma takan bar su da kurumta. Har yanzu babu allurar rigakafinta da aka amince da ita. Zazzaɓin da aka sha maganin maleriya kwana biyu, uku bai sauka ba, a gidan da ɓera ke yawo, ba na komawa kemis ba ne, na asibiti ne, kuma a faɗa wa likita maganar ɓeran.

Yanzu sai maganar da na san ba za ta yi wa masu tallar magani a kasuwa daɗi ba. Shinkafar ɓera ita ce abin da kowa ke fara nema, ni kuwa a wurina ita ce ta ƙarshe. Iri biyu ne a takaice. Akwai mai kisan gaggawa, baƙin gari mai warin tafarnuwa. Babban ɓera yakan ɗan ɗanɗana baƙon abinci ya jira. In cikinsa ya murɗa bai mutu ba, ya bar wannan abincin ke nan. Akwai kuma mai tsinka jini, wanda ke ɗaukar kwanaki kafin ya kashe, don haka ɓeran ba ya gane abin da ya ci shi. Wannan ya fi aiki, amma tun 1958 aka samu ɓerayen da irinsa na farko bai kashewa a Sikotlan. Duka biyun ba sa tambayar wa ya ci: kaza, kyanwa, akuya, yaro mai rarrafe. Mun kuma sha jin inda shinkafar ɓera ta ƙare a kwanon mutum. Ga wari: na taɓa kwana goma ina barci a falo saboda wani da ya ci magani ya je ya mutu a silin ɗin ɗakina, sai da kafinta ya ɓalle falle biyu.

Babbar matsalar ma ba wannan ba ce. A ƙauyukan yankin Faranah na ƙasar Gini masu bincike sun shafe shekara huɗu suna sa magani a gidaje don yaƙar Lassa. Kowane karo ɓerayen kan ragu sosai, bayan 'yan watanni su dawo kamar ba a yi ba. Dalilin a fili yake. In ka kashe goma ka bar abincin goma da makwancin goma, ka yi wa wasu goman shara ne kawai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Saboda haka aikin daga abinci yake farawa. Buhu ba ma'aji ba ne a wurin dabbar da haƙoranta na gaba ba sa daina tsiro, wadda ke huda katako da roba da wayar wuta (gobara nawa aka ɗora wa "matsalar lantarki" alhali ɓera ne ya feɗe wayar?). Hatsi da gari da garin kwaki su shiga duro ko bokiti mai murfi da ke kamawa gam. Buhun nan mai leda biyu a ciki yana maganin ƙwari, amma ɓera na huda shi, sai an ɗora shi kan katako nesa da bango. Kakanninmu da suka ɗora rumbu kan duwatsu suka shafe shi sumul suka rufe bakinsa ba ado suke yi ba. Kwanukan tuwon dare a wanke kafin a kwanta, ragowar a rufe da abu mai nauyi, ba faifai ba. Dusar awaki da hatsin kaji da na tattabaru kada su kwana a ƙasa. Shanyar masara da rogo a bakin kwalta, a bar ta ta kwana, wannan gayyata ce da kati.

Sai ƙofofinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ɓera ma haka. Ɗauki biro ka zaga gidan da rana: duk inda ya shige, ƙaramin ɓera zai shige, inda babban yatsanka ya shige, ɗan babban zai shige. Wuraren da aka fi mantawa su ne ƙasan ƙofa, inda bututu ko waya ta huda bango, bakin rariya, da tsakanin kwano da bango. Tsumma da kwali da katifa ba toshi ba ne, kayan shimfiɗa ka ba shi. Siminti ake sawa, a gidan ƙasa a cakuɗa yumɓu da fasassun kwalabe, a buga fallen langa-langa a ƙasan ƙofar katako, a sa ragar ƙarfe mai ƙananan idanu a rariya da tagogin iska. A sare reshen da ya taɓa rufi. Tarin itace da tsofaffin tayoyi da tarkacen "wata rana za su yi amfani" a janye su daga jikin bango.

Bayan nan ne tarko ke da ma'ana, kuma a nan sanin wane ɓera ke biyan kuɗinsa. Ga ƙaramin: ƙananan tarkuna da yawa a dare ɗaya, taku biyu ko uku tsakaninsu, kusa da inda ka ga kashi. Ga babban: babban tarko, a sa masa abinci a bar shi ba a ɗana ba kwana uku ko huɗu, sai ya saba yana ci sannan a ɗana. Na silin a sama ake kai masa, a ɗaure tarkon da waya a jikin azara. Kowanne dai a jingina bakin tarkon da bango, don ɓera ba ya ratsa tsakiyar ɗaki in yana da zaɓi, gefe yake bi yana shafa bango da gashin bakinsa. Ƙuli-ƙuli, tunkuza, busasshen kifi, duk suna ja. A ɗaure su da zare don kada ya zare ya tafi. Tarkon gam ban cika son sa ba: ɓeran na nan da rai yana ta fitsari a kai, kai kuma dole ka ɗauka da hannu. Na'urar nan da ake maƙalawa a soket wai ƙararta na korar ɓera, kwana kaɗan suke sabawa da ita. Kyanwa na taimakawa a kan ƙananan, amma ba kowace kyanwa ke tunkarar ɓeran kwata ba. Mujiya da muke jifa saboda camfi ta fi ta aiki, ɗaruruwa take cinyewa a shekara ba a ba ta ko tsaba ba.

Wanda aka kama kada a ɗauke shi da hannu tsirara, kada a ba yara su yi wasa da shi, kada a wurga shi bayan katanga. A sa hannu cikin leda, a yayyafa masa ruwan bilic, a juye ledar a kansa a ƙulle, a binne da zurfi ko a ƙone. Kashinsa kuma ba a share shi a bushe. A buɗe taga, a haɗa bilic kashi ɗaya da ruwa kashi tara, a jiƙa wurin, a jira minti biyar, a goge da tsumman da za a yar, a wanke hannu da sabulu. Abincin da aka ga kashi a ciki, in dafaffe ne ko wanda ake ci ɗanye kamar garin kwaki, ya tashi daga na mutane.

In kana son sanin ko ramin da ka gani da mai shi a ciki kafin ka toshe, cusa masa takarda da yamma. Ka tarar da ita a waje da safe, yana nan, a ci gaba da tarko. Ta kwana uku ba ta motsa ba, kwaɓa simintinka. Bayan mako guda ka sake barbaɗa tokar a gindin bango, har da kan katanga.